Ranar da batirin Doraemon ya ƙare: yadda masoya ke mayar da barkwanci labarin hawaye

A shekarar 2005 wani ɗan littafin zane mai shafi 20 ya fara yawo a shagunan da ke sayar da ayyukan masoya a Japan. Bangonsa, launinsa, yanayin rubutunsa, har yadda aka zana idanu da kumatun mutanen ciki, duk sak na littattafan Doraemon da yaran ƙasar suka tashi da su. Abin da ke ciki kuwa ƙarshen labarin Doraemon ne. Sai dai Fujiko F. Fujio, wanda ya ƙirƙiri Doraemon, ya rasu tun watan Satumba na 1996, kuma bai bar wa labarinsa ƙarshe ba. Wani mai zane ne da ya sa wa kansa sunan aro Tajima T. Yasue ya yi aikin, ya sayar da kwafi sama da 13,000, kowane ɗaya a kan kusan yen 500, kuɗin Japan. A duniyar irin waɗannan littattafai, inda mutum kan yi murna idan ya sayar da ɗari biyu ko uku, wannan adadi ba ƙarami ba ne. Mutane da yawa sun karanta sun yi kuka, sun kuma tafi da imanin cewa ƙarshen gaskiya ke nan.

Me ya sa labarin da aka gina don yara su yi dariya ya zama abin da manya ke zubar wa hawaye? Kuma me ya sa masoya, ba a Japan kaɗai ba, suke yawan ɗauko fim ɗin barkwanci su sake rubuta shi a matsayin labari mai nauyi? Amsar tana cikin yadda barkwancin kansa yake aiki.

Ga wanda bai san labarin ba: Doraemon mutum-mutumi ne mai siffar mage, shuɗi, marar kunnuwa, wanda aka turo daga ƙarni na 22 don ya taimaki wani ɗan firamare mai suna Nobita. Ya fara fitowa a mujallun yara na kamfanin ɗab'i na Shogakukan a ƙarshen 1969, daga baya aka tattara shi a littattafai 45, ya kuma zauna daram a talabijin tun 1979. Kusan kowane kashi hanya ɗaya yake bi. Nobita ya dawo gida yana kuka, ko dai ya ci sifili a jarrabawa, ko Gian, ƙaton unguwa, ya lakaɗa masa duka, ko Suneo ɗan masu kuɗi ya yi masa gori. Doraemon ya zura hannu a aljihun cikinsa ya zaro wata na'ura ta zamanin gaba. Nobita ya wuce gona da iri da ita, abin ya juye a kansa, a yi dariya, a tashi. Mako mai zuwa komai ya koma yadda yake: aji ɗaya, shekaru ɗaya, sifili ɗaya.

Wannan komawar ita ce ginshiƙin abin. Barkwanci irin wannan yana tsaye ne a kan yarjejeniya biyu da ba a rubuta ba tsakanin mai zane da mai kallo. Ta farko, lokaci ba ya tafiya. Ta biyu, duka ba ya barin tabo. Gian zai iya naushin Nobita har fuskarsa ta kumbura, a hoto na gaba ka ga fuskar ta sace, babu asibiti, babu tsoron fita waje, babu uwar da ta je ta yi sallama a gidan su Gian. Sazae-san, fim ɗin zane na wani iyali wanda ake nunawa a talabijin ɗin Japan tun 1969, shi ne babban misalin wannan tsari: yaran gidan sun yi sama da shekara hamsin ba su ƙara ko da aji ɗaya ba. Kamar wasan taubasai ne. Taubashinka zai gaya maka maganar da in da wani ne ya faɗa da sai an raba ku, amma ku duka kun san filin da kuke, don haka ba ta shiga rai. Ranar da ɗaya ya tsaya ya amsa maganar da gaske, wasa ya tashi, abin da ya rage kuma shi ne maganar tsirararta.

Marubucin da ya mayar da barkwanci labari mai nauyi abin da yake yi ke nan. Ba lallai ne ya kawo sabon mutum ko sabuwar masifa ba. Yarjejeniyar kawai yake warwarewa: ya bar agogo ya yi tafiya, ya bar duka ya yi zafi.

Dubi yadda labarin batirin ya yi wannan. Nobita ya dawo gida wata rana ya tarar Doraemon ba ya motsi. Ya tuntuɓi Dorami, ƙanwar Doraemon da ke zamanin gaba, ta gaya masa batir ne ya ƙare. Matsalar ita ce irin waɗannan tsofaffin magunan suna ajiye wutar ko-ta-kwana a kunnuwansu, wadda ke riƙe musu tunani yayin da ake sauya batir. Doraemon ba shi da kunnuwa. Idan aka sa masa sabon batir zai tashi, amma zai tashi bai san wane ne Nobita ba. Zaɓi biyu ne: a tashe shi yanzu a rasa duk abin da suka yi tare, ko a bar shi a kwance har ranar da za a sami ilimin gyara shi ba tare da an goge komai ba. Nobita ya zaɓi jira. Yaron da ba ya iya zama minti biyar a gaban littafi ya duƙufa karatu, ya zama masanin ƙera mutum-mutumi, ya auri Shizuka, 'yar ajinsu da yake so, bayan shekara 35 ya gyara abokinsa da hannunsa. Doraemon ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko Nobita ya gama aikin gida na makaranta.

A tsaya a kan kunnuwan nan, don a nan gwanintar take. A ainihin labarin, rashin kunnuwan Doraemon abin dariya ne. Ɓera ne ya gwaguye su, shi ya sa wannan mage, da ya kamata ɓeraye su riƙa gudunsa, yake fita hayyacinsa da ya hango ɓera. Shekara da shekaru ana dariyar wannan. Marubucin bai ƙirƙiro ciwon daji ko haɗarin mota ba. Ya ɗauki abin dariyar da kowa ya sani, ya tambayi kansa: idan wannan naƙasa ce ta gaske, me za ta jawo? Haka ma tambayar aikin gida. Magana ce da Doraemon ya saba damun Nobita da ita, kuma kullum ana yi mata dariya. Amma da aka faɗe ta ga dattijo mai gemu wanda ya ba da rayuwarsa kacokan ga karatu saboda mai tambayar, sai ta koma wani abu dabam, alhali ba a sauya ko kalma ɗaya ba. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata a auna duk irin wannan rubutu da shi: nauyin daga cikin labarin ya fito, ko daga waje aka ɗauko aka jibga masa?

Kuma nauyin yana nan tun daga kashin farko, ba masoya ne suka ƙaga shi ba. Dalilin zuwan Doraemon ma ba na dariya ba ne idan aka karanta shi a natse. Sewashi, jikan jikan Nobita, ya fito daga durowar tebur ya nuna masa kundin hotunan rayuwar da ke jiransa: zai faɗi jarrabawar shiga jami'a, zai rasa aiki, zai kafa kamfanin kansa, kamfanin zai ƙone saboda wasan wuta, zai karye, bashin da zai bari kuma zai bi zuri'arsa fiye da shekara ɗari, har kyautar sabuwar shekara da Sewashi ke samu ba ta wuce yen 50 ba. An zana wannan da fuskokin ban dariya, amma labarin talauci ne da ake gada. Fujiko da kansa ya taɓa sakin yarjejeniyar na ɗan lokaci. A 1974 ya zana kashin bankwana, wanda ke ƙarshen littafi na 6: dole Doraemon ya koma zamaninsa, Nobita kuma ya tari Gian shi kaɗai da daddare, ana kayar da shi yana tashi, ana dukansa yana riƙe da ƙafar Gian, don kawai Doraemon ya tafi da kwanciyar hankalin cewa zai iya tsayawa da ƙafarsa. A wannan kashin duka ya yi zafi. Wata ɗaya bayan haka Fujiko ya dawo da Doraemon ta hanyar wani magani da ke juya duk abin da mutum ya faɗa ya zama ƙarya, aka ci gaba da dariya. Ƙofar da ya buɗe ya rufe, ita masoya suka sake turawa.

Akwai wani ƙarshen na bogi da ya girmi na batir, kuma kwatanta su yana koyar da abu mai yawa. A 1986 jita-jita ta bazu a tsakanin 'yan makaranta a Japan cewa a ƙarshe za a gano Nobita yaro ne da ke kwance a asibiti ba ya cikin hayyacinsa, Doraemon da duk abin da ya faru mafarkinsa ne. Wannan ba daga marubucin ya fito ba, kuma har yau yana yawo a intanet da harsuna iri-iri. Ina ganinsa rubutu ne na ragwanci, kuma ina jin haushin yadda ake ɗaukarsa kamar wani zurfin tunani. Za ka iya manna shi a kan kowane labari a duniya ba tare da ka san komai game da labarin ba, an ma manna wa da yawa. Ba ya buƙatar kunnuwan Doraemon, ba ya buƙatar halin Nobita, ba ya buƙatar Shizuka. Yana girgiza mai karatu ne ta hanyar ƙwace masa abin da yake so. Na batir kuwa ya ƙara wa abin da kake so daraja: bayan ka karanta shi, in ka koma tsofaffin labaran ka ga Doraemon yana yi wa Nobita faɗa kan karatu, dariyar tana nan, amma ta sami wani ɗanɗano a ƙarƙashinta.

Asalin labarin batirin ma ba Tajima ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 wani masoyi ya rubuta shi da kalmomi zalla ya sa a intanet, ya kuma bayyana cewa ƙagensa ne. Da mutane suka fara tura wa juna ta imel, sai wannan bayanin ya ɓace a hanya, labarin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Ya isa har wurin darakta Takashi Yamazaki, wanda fim ɗinsa na farko, Juvenile, na shekarar 2000, ya samo tushe daga gare shi. Shi wannan Yamazaki ne, tare da Ryuichi Yagi, ya yi Stand by Me Doraemon a 2014, fim na hukuma da aka harhaɗa daga labaran Fujiko masu sosa rai, aka kuma tallata shi a fili da alƙawarin cewa zai sa mutane kuka. Wato abin da masoya suka hango, masu mallakar labarin ma daga baya sun gane kasuwarsa.

Shi kuwa Tajima, masu mallakar labarin ba su ƙyale shi ba. To me ya sa aka hukunta shi? A nan sai an fahimci yadda Japan ke mu'amala da littattafan masoya, waɗanda suke kira dojinshi. Babbar kasuwarsu, Comiket, ta fara a watan Disamba na 1975 da mutane kusan 700. A Disamba na 2019 an ƙiyasta mutum 750,000 ne suka shiga cikin kwana huɗu a Tokyo. Babban ɓangare na abin da ake sayarwa a wurin an gina shi ne a kan labaran wasu, ba tare da izini ba. A dokance wannan keta haƙƙin mallaka ne. Abin da ya sa ake yi a sarari shi ne, a dokar Japan, ba a gurfanar da mutum kan irin wannan laifi sai mai haƙƙin ya kai ƙara da kansa, kamfanonin kuwa sun zaɓi kawar da kai. Suna da dalili: a wannan fili ne sababbin masu zane ke goge hannu, kuma masoyin da ya zana littafi a kan labarinka shi ne wanda zai fi kowa sayen kayanka. Lokacin da yarjejeniyar kasuwanci ta ƙasashen yankin tekun Pasifik ta so ta tilasta a riƙa gurfanarwa ko babu ƙara, hankalin masu dojinshi ya tashi, har firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya faɗa a majalisa a 2016 cewa waɗannan ayyuka ba sa gogayya da na asali a kasuwa. Gyaran dokar da ya fara aiki a ƙarshen 2018 ya bar su a waje.

Amma kawar da kan yana da sharaɗi, shi ma ba a rubuce ba: kada ka yi yawa, kuma kada a ɗauke ka a matsayin na asali. Tajima ya karya duka biyun. Ya sayar da yawa ƙwarai, kuma hannunsa ya yi kama da na Fujiko har mutane suna tuntuɓar Shogakukan suna tambayar ko gaskiya ne. Kamfanin da masu kula da gadon Fujiko suka gargaɗe shi, a 2007 ya ba da haƙuri, ya daina sayarwa, ya kuma miƙa wani kaso na kuɗin da ya samu. Ina ganin kamfanin yana da gaskiya a kan batu ɗaya mai muhimmanci. Mutum ya mutu bai rufe labarinsa ba, kuma babu wanda ke da hurumin sa hannunsa a kan ƙarshen da bai rubuta ba. Kyawun labarin bai wanke kwaikwayon bangon ba. Da a ce littafin ya fito da hannun Tajima na kansa, da suna ɓaro-ɓaro cewa mafarkin masoyi ne, da ya fi mutunta mamacin, kuma ban ga abin da zai rage masa na ƙarfi ba.

Misali na biyu ya nuna wani abin da Doraemon bai nuna ba, wato yadda masu fim da masoya ke jefa wa juna ƙwallo a zamanin intanet. Osomatsu-san, fim ɗin zane na talabijin, ya fara a watan Oktoba na 2015. An ɗauko shi ne daga Osomatsu-kun na Fujio Akatsuka, barkwancin 1962 game da 'yan shida masu kama ɗaya, aka girmar da su suka zama samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya, ba aiki, ba karatu, ba budurwa, suna zaman kashe wando a gidan iyayensu. Barkwanci ne mai kaushi. A kashi na 5, Chibita mai sayar da abinci ya sace Karamatsu, na biyu a cikinsu, don ya tilasta musu biyan bashin da suka ci. 'Yan uwan ba su ko damu ba, hankalinsu ya tafi ga 'ya'yan itacen da uwarsu ta kawo. Da dare Chibita ya ɗaure shi a ƙofar gida ya kunna wuta don ya tayar musu da hankali, su kuwa suka buɗe taga suka yi ta jifansa da kayan gida saboda ya hana su barci. A rabi na biyu na kashin, sauran huɗun suka haɗu suka rarrashi ɗan uwansu Ichimatsu a wani labari mai taushi, suka tafi tare da yamma, sai aka nuno Karamatsu can nesa, naɗe da bandeji, yana dogara sanda, yana kallonsu.

Bandejin nan shi ne ya ɓalle ruwa. Masu fim ɗin sun bar raunin rabin farko ya tsallako zuwa rabi na biyu don ƙarin dariya, amma da yin haka sun amince da bakinsu cewa a wannan duniyar jifa tana raunata mutum. A dandalin Pixiv, wanda aka buɗe a 2007, inda masu zane da marubutan Japan ke ajiye ayyukansu, labaran abin da ya biyo bayan wannan dare suka yi ta kwarara: Karamatsu ya bar gida, Karamatsu ya daina jin zafi, Karamatsu ya manta 'yan uwansa, 'yan uwan sun farga bayan lokaci ya ƙure. Wasu daga ciki sun zarce, suka zama gasar wa zai fi azabtar da shi, kuma waɗannan ba su fi labarin asibitin Nobita da komai ba. Masu kyau a ciki sun tsaya ne a kan tambayar da kowane babban gida ya sani: yaron da aka mayar abin tsokana, wanda kullum yake murmushi in an yi masa, me yake ji idan ya kwanta? Kuma a bayan wannan akwai samari da 'yan matan Japan da su kansu suke fama da rashin tsayayyen aiki da kunyar zama a gaban iyaye. Ba daga nesa suke kallon 'yan shidan ba.

Masu fim ɗin sun san abin da ke gudana. A rabi na biyu na kashi na 24 suka yi abin da masoya ke yi: Choromatsu, na uku a cikinsu, ya sami aiki zai bar gida, Osomatsu, babbansu, ya kasa jurewa har ya huce a kan ƙaninsa a wurin walimar bankwana, sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya, babu dariya kusan ko kaɗan. Mako guda masu kallo suna jiran ƙarshe mai ratsa zuciya. Kashi na 25 ya zo ya tattaro su gaba ɗaya ya kai su gasar ƙwallon baseball, aka koma hauka kamar ba a yi komai ba. Wasu sun ji an yaudare su. Ni ina ganin masu fim ɗin sun yi abin da ya wajaba a kansu, domin su ba za su iya barin agogo ya tafi ba tare da sun kashe fim ɗin ba. In 'yan shida suka sami aiki, babu Osomatsu-san. In Nobita ya fara cin jarrabawa, babu dalilin zaman Doraemon. Ko darakta Mamoru Oshii, da ya ɗauki barkwancin Urusei Yatsura a 1984 ya yi Beautiful Dreamer, inda mutanen ciki suka fara lura cewa rana ɗaya suke ta maimaitawa, sai da ya mayar da su inda ya same su kafin a tashi.

Masoyi ba shi da wannan takunkumin. Ba shi da kashi na gaba da zai kare, ba shi da masu talla, ba shi da yara miliyoyi da ke jiran mako mai zuwa. Zai iya kai labarin har ƙarshen hanya, kuma na asali yana nan lafiya ƙalau ba abin da ya taɓa shi. Shi ya sa ban yarda da masu cewa irin wannan rubutu rashin fahimtar barkwanci ba ne, ko ɓata wa yara abinsu. Wanda ya rubuta labarin batir sai da ya san Nobita ciki da bai kafin ya gane cewa abu ɗaya ne tak zai iya zaunar da wannan yaron a gaban littafi, kuma ba tsoron malami ba ne ko faɗan uwa. Fujiko ya nuna mana sau da yawa cewa Nobita rago ne a komai ban da tausayi. A kashin daren auren Nobita, mahaifin Shizuka ya gaya wa 'yarsa cewa ta yi zaɓi mai kyau domin saurayin mutum ne da ke farin ciki da farin cikin wasu, yake kuma baƙin ciki da baƙin cikinsu. Marubucin ya ɗauki wannan halin ya ɗora masa shekara 35 na aiki, halin kuma ya ɗauka.